Sojojin Sanyin San Juan

Iquitos, farkon Maris

Zuwa ga ƙanin mijina, Dokta Heriberto,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Marleni da 'yan matanku, da sauran haƙoran mutanen Arequipa waɗanda ba ka riga ka cire ba. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa kullum, kogi ya cika ya tumbatsa, 'yan unguwar Belén sun koma shiga gida da kwalekwale.

Na san za ka ce me ya sami Nélida da rubuta takarda alhali ga waya a hannunta. To, yayanka Anselmo wuni yake a falo, kuma ciwon nan hannun dama da ƙafa ya shanye masa, bai taɓa kunne ba. Ko cokali na ajiye a kicin sai ya ji. Maganar nan kuwa sirri ce, don haka amsarka ka turo ta shagona, kada ta bi ta gida.

Yanzu buɗe ƙunshin audugar da ke cikin kwalin. Ka gani? Ni na yi shi! Ni da hannuna!

Bari in ɗauko maka daga tushe. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, Anselmo bai taka ƙofar gida ba sai ranar ganin likita. Likita ya ce ƙafar tana dawowa, bakin ma ya saki, abin da ya rage ya fita ya shiga mutane. Shi kuwa ya ƙi. Mutumin da a da ranar Asabar ba na ganin ko ƙeyarsa, yana can saman shagon Gilmer mai fotokwafi, shi da sauran manyan yaran nan masu furfura, sun jera 'yan sojojin roba a tebur suna jefa dayis irin na ludo suna auna taku da tef kamar teloli. Ni da na yi shekaru ina mita a kan wasan nan, yau ga ni ina roƙon Allah ya mayar da shi can.

Ran Lahadi Gilmer ya zo gaishe shi. Ina daga kicin ina jin su.

"Chemo, gasar bikin San Juan tana tafe fa. Kujerarka tana nan, babu wanda ya hau."

Yayanka ya daɗe kafin ya haɗa maganar. Ya ce, "Sojojina tsirara suke."

"Haba, tsoho! Ai sai mu ɗage maka dokar."

"Wa ya kafa ta?"

Gilmer ya hau sosa ƙeya. Ashe shi Anselmon ne da bakinsa ya kafa dokar tun farkon ƙungiyar: sojan da ba a yi wa fenti ba, aƙalla kala uku, ba ya hawa tebur ranar gasa. Sabuwar rundunar da ya saya ya harhaɗa kafin ya faɗi tana nan cikin kwali a ɗakin ajiya, toka-toka, ko ɗigon fenti babu. Tsohuwar ya riga ya yi kyauta da ita. Ta aro kuwa, ya ce gara ya tsufa a kujerar nan.

Shi ne na ce wa kaina: Nélida, shekara ashirin kina zana fure a farcen ƙaramin yatsan ƙafar matan Iquitos, ɗan sojan roba ne zai gagare ki? Kashegari na saci ɗaya na jefa a jaka. A shago na zaɓo jan farce mafi kyau, ja mai ƙyalli a riga, ruwan zinariya a hula da bakin garkuwa, baƙi a takalmi. Da na gama sai da na yi ihu, har mai kitson da ke maƙwabtaka da ni ta leƙo.

Kai ne mai cin kofuna a gasar fenti, don haka ka faɗa mini gaskiya. Amma ka sani, gaskiyar da nake jira ita ce ya yi kyau. Sun kai sittin a kwalin, San Juan kuma sai ƙarshen Yuni. In rundunar nan ta sa tufafi, yayanka ba shi da sauran hujjar zama a gida. Wannan kawai nake so, Dokta, in ga ya fita.

Ka gaida gida da kyau.

Matar yayanka,
Nélida

*

Arequipa, tsakiyar Maris

Zuwa ga matar yayana mai daraja, Doña Nélida,

Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, tare da fatan ke da Yaya kuna cikin ƙoshin lafiya. Marleni da yara suna miƙo tasu gaisuwar.

Saƙonki ya iso. Na buɗe shi a kan teburin aikina, na sa gilashin da nake duba haƙora da shi, na daɗe ina kallo. Kin nemi gaskiya, ga ta. Doña Nélida, sojan nan ba shi da hanci. Jan farce yana cin irin wannan robar. Ya narkar masa da fuska a hanya, gemunsa ya haɗe da ƙirjinsa, audugar kuma ta manne masa a baya. Marleni da ta gan shi ta ɗauka alewa ce.

Sai dai layin zinariyar da kika ja a bakin garkuwarsa bai karkace ko kaɗan ba. Ni sai da na shekara biyu kafin hannuna ya tsaya haka. Ban faɗi wannan don in faranta miki ba, kin san ba halina ba ne.

A cikin kwalin nan akwai fentin da ake tsinkawa da ruwa, da buroshi uku. Ki wanke sojojin da sabulu tukuna, su bushe, ki shafa musu baƙin da na rubuta wa "na farko". Bayan nan kowane fenti ki tsinka shi har ya koma kamar madara. Zai ba ki haushi, domin shafin farko zai fito dabbare-dabbare, hannunki zai so ya ƙara kauri kamar yadda ya saba a farce. Ki hana shi. Ki jira ya bushe ki sake shafawa. Farce ana son ya yi kauri ya yi sheƙi, soja kuwa ana son a ga kowane silin gemunsa. Ƙaramar kwalbar nan mai ruwa baƙi-baƙi ta ƙarshe ce, ana malala ta a kan komai.

Bara Yaya ya gaya mini kalar da yake so wa rundunar nan: alkyabba shuɗiya, garkuwa ja, ɗamara ruwan zinariya. Ki bi wannan. Idanu kuwa kada ki taɓa su. Ido ba aikin sabon hannu ba ne.

Akwai abin da ke damuna. Yaya ba ya son a taɓa masa soja. Shi ya koya mini riƙe buroshi muna yara a unguwar Punchana, kuma ya taɓa ƙaurace mini wata guda don na shafa wa dokinsa kore. Tun da ya kwanta, in na kira shi "lafiya" kawai yake cewa ya miƙa miki wayar. In ya gane abin da muke yi, yana iya ɗauka tausayinsa muke ji, kuma kin fi ni sanin yadda ya tsani tausayi. Na faɗa ne don ki sani, ba don ki fasa ba. Ni ma ina kewar yayana.

Kada ki turo mini hoto, hoton waya ƙarya yake yi. Ki ci gaba da turo sojojin da kansu, zan riƙa mayar miki da su.

Naki cikin girmamawa,
Heriberto Reátegui

*

Iquitos, ƙarshen Afrilu

Dokta mai raba mutane da hanci,

Ina gaishe ka, ina gaida Marleni, ka ce mata alewar nan ba ta sayarwa ba ce. Da na karanta takardarka sai da na yi fushi na rabin wuni, daga nan na yi ta dariya ni kaɗai, har wata da nake gyara wa farce ta janye hannunta.

Kai, Dokta! Wannan ruwa baƙi-baƙin ai tsafi ne! Na gama soja na ga bai yi mini ba, fuska shafe kamar ƙwai. Ina malala masa ruwan nan sai ga kunci, ga gira, ga gemu sili-sili, ga tsoho mai fushi yana hararata. Na kusa ce masa sannu da zuwa. Tun ranar ban ƙara cin abincin rana a zaune ba, ina cin tacacho, dakakkiyar ayabar nan, da hagu ina fenti da dama.

Shagona ya koma barikin soja. Na jera su a kantar jan farce, kowace mace ta shigo sai ta tofa albarkacin bakinta. Doña Otilia, ƙafafunta cikin roba, ta nuna ɗaya ta ce, "Wannan ai marigayi mijina ne, har tumbin." Wata ta ce in yi wa ɗaya gashin baki ja don ya yi kama da surukinta. Na ce ku yi haƙuri, ni yanzu ƙarƙashin umarnin likita nake.

To, kusan ƙarƙashin umarni. Na yi idanun. Kada ka ɓata rai! Ta yaya mutum zai tafi yaƙi ba ya gani? Ga uku nan na turo, ka duba da gilashin naka.

Kwanan baya gabana ya faɗi. Muna cin abinci, Anselmo ya tsura wa babban yatsana ido, ashe shuɗi ya maƙale a gefen farcen.

"Sabuwar kala?" in ji shi.

"E, ita 'yan mata ke yayi yanzu."

Ya tauna lomarsa, ya haɗiye, sannan ya ce, "Shuɗin ya yi haske."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Na tabbata bai gane ba, ina zai gane? Amma da na je shago na dubi alkyabbar sai na ga gaskiya ne, ta yi haske. Na ɗiga baƙi kaɗan a shuɗin na sake bin su duka, yanzu sun fi kwarjini nesa ba kusa ba.

Wani abin kuma, kaina ya fara tsufa. Ina ɗibar sojojin kaɗan-kaɗan daga kwalin da ke ɗakin ajiya, kuma na rantse a hargitse na same su. Yanzu kullum na buɗe sai in tarar masu mashi wuri ɗaya, masu gatari wuri ɗaya, waɗanda suka fi sauƙi a sama. Ban tuna ranar da na shirya su ba, amma Allah ya yi wa Nélidar da ta yi wannan aikin albarka.

Jikinsa da sauƙi. Yana zuwa har ƙofar kicin da sanda. Ƙofar waje ce dai har yanzu ko kallonta ba ya yi. Na wuce rabi, Dokta! Na wuce rabi!

Taka har kullum,
Nélida, shugabar rundunar shagon farce

*

Arequipa, tsakiyar Mayu

Zuwa ga Doña Nélida,

Ina gaishe ki da Yaya, da fatan ruwa ya fara ja baya a wajenku.

Na duba ukun. Game da idanu, na ce kada ki taɓa, kin taɓa. Duk ukun suna kallona kamar majinyacin da ya hango allura a hannuna, ɗayan kuma idonsa na hagu yana duban Brazil na dama yana duban Lima. In ba za ki fasa ba, ki fara ɗiga baƙi, sannan fari ƙanƙane a gefe, kuma ki riƙe numfashi.

Sauran aikin kuwa, na nuna wa abokaina na ƙungiyarmu ran Asabar ban gaya musu na wane ne ba. Ɗaya ya ce mai fentin ya yi shekara uku yana yi. Na ce wata biyu. Ya ce ƙarya nake. Ban saba a ƙaryata ni in ji daɗi ba, amma ranar na ji. Shuɗin da kika ƙara wa duhu ya fi, wanda ya ba ki shawarar ya san aikinsa.

Batun kwalin da ke shirya kansa, ba ni da ra'ayi. Ki ci gaba da ɗaukar na sama.

Saura mataki ɗaya. Ranar gasa hannaye da yawa za su taɓa su, gumi yana cin fenti. In kin gama duka, ki fesa musu banish, wato ruwan da ke kare fenti, marar sheƙi, irin na gwangwani. Jirgin sama ba ya ɗaukar gwangwanin feshi, don haka ki saya a shagon kayan gini a can. Ki girgiza shi sosai, ki fesa a waje da safe, daga ɗan nesa. Ki gwada a kan ɗaya tukuna. Haka nake yi a bayan gidana shekara da shekaru, bai taɓa ba ni matsala ba.

Na fara ƙirga kwanaki kamar yaro, Marleni tana yi mini dariya.

Naki cikin girmamawa,
Heriberto

*

Iquitos, Talata

Heriberto,

Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Na kashe su. Duka.

Na gama na ƙarshe ran Juma'a, na yi rawa a shago. Na sayi gwangwanin, na gwada a kan ɗaya cikin ranar nan mai ƙuna, ya fito lafiya ƙalau. Na ce to, sauran sai ran Talata da ba na buɗe shago, in kawo su bayan gida in fesa, in jera masa su a teburin cin abinci ya fito ya gani.

Jiya sanyin San Juan ya sauko. Ka tuna shi ai, iskar nan ta kudu da yayyafi, kowa ya tono rigar sanyin da ke warin akwati. Yau da safe garin jiƙe yake, har bango yana zufa. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni tunani. Na jera su a kan katako ƙarƙashin rumfar wanki, na girgiza gwangwani, na bi su layi-layi. Na shiga na ɗora ruwan kofi. Da na fito sai na ga sun yi fari. Fari fat, Dokta, kamar an zazzage musu garin rogo. Hula, kafaɗa, gemu, saman garkuwa, duk shuɗina da jana sun shige ƙarƙashin farin nan. Na sa yatsa na goge, ya ƙi. Na sa ruwa, ya ƙi.

Na zauna a kan bokiti na fashe da kuka. Wata uku! Ban san da ƙarfi nake yi ba sai da na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a bayana. Anselmo ne. Ya sauko matakalar bayan gida shi kaɗai, wadda bai taka ba tun bara, ba takalmi, cikin yayyafi.

Ya tsaya a gaban katakon ya daɗe yana kallo. Na ce, "Chemo, ka yafe mini, naka ne, na so in..." Ya jingina sandar a cinyarsa, ya ɗauki ɗaya da hagu, ya kai shi dab da idonsa, ya juya shi, ya jefa a aljihu, ya koma ciki. Har yanzu bai yi mini maganar ba. Yana falo, ƙofa a rufe.

Abin da ka ji tsoro ne ya faru. Na taɓa masa kaya ba izini, na kuma lalata su. Gasar ran Asabar ce. In akwai magani ka turo da jirgin gobe, in babu ka faɗa mini kawai.

Nélida

*

Arequipa, Laraba

Neli,

Laifina ne, ba naki ba. Banish na feshi ba ya shiri da laima da sanyi, yana kama ruwan da ke cikin iska ya daskare fari. Na sani sarai! Amma na shekara talatin a garin da rigar da aka shanya ke bushewa kafin a juya baya, har na manta garin da aka haife ni. Jaki ne ni, jaki mai gilashi.

Akwai magani. Ga kwalbar banish mai sheƙi, na shafawa da buroshi. Ki bi su ɗaya-ɗaya a cikin ɗaki, farin zai narke, kalar za ta dawo. In kin fara gobe za ki gama kafin Asabar, ki kira Doña Otilia ta riƙe miki. Ina rubutawa a tsaye a ofishin kaya na filin jirgi, na bar mutum a kujera da baki buɗe.

Ya sauko matakala shi kaɗai, kika ce? Ba takalmi?

Beto

*

Iquitos, Lahadi bayan San Juan

Beto! Ƙanina! Jakina mai gilashi!

Gaisuwa dubu gare ka da Marleni da yara, ka zauna kafin ka karanta, in akwai wani a kujerarka ka sallame shi.

Kwalbarka ta iso ran Alhamis. Tunda asiri ya riga ya tonu, a teburin cin abinci na baje su. Na tsoma buroshi ke nan zan shafa wa na farko, sai na ji murya daga falo.

"Ajiye."

"Chemo, Beto ya ce farin zai fita..."

"Na ce ajiye, mata." Ya taho ya zauna a gabana, ya ciro wanda ya sa a aljihu ya dangwarar a tebur. "Kalli inda ya kwanta. Hula. Kafaɗa. Gemu. Ƙarƙashi babu." Ya numfasa, ka san maganar tana yi masa nauyi. "Ƙanƙara haka take sauka. Na gani a dutse, lokacin da na je wurin Beto. Mutane suna shekara suna neman wannan da buroshi, ba sa samu."

Na ce, "To ba ka yi fushi ba? Kwana biyu ka rufe ƙofa!"

Ya ce, "Dokokin wasa nake karantawa. Na manta rabi."

Wallahi na rasa ko in rungume shi ko in kwaɗa masa kwalbar. Na yi na farkon.

Ran Asabar tun da safe ya sa na ɗauko masa rigar sanyin nan ruwan ƙasa, ya taje kai da hagu, ya tsaya a ƙofar waje yana ce mini na cika nawa. Ni! Muka tare babur mai ƙafa uku, kwalin sojoji a cinyata, tukunyar juane, shinkafar bikin nan da ake naɗewa a ganye, a ƙafarsa, yana ta yi wa direba faɗa a kan ramuka. Matakalar shagon Gilmer ce ta tsayar mini da zuciya. Na miƙa hannu, ya ce in riƙe sojoji, shi zai riƙe kansa. Ya hau. Ya daɗe, amma ya hau.

Da ya leƙa ɗakin sai aka kece da ihu. Gilmer har da share ido da hular sanyi. Duk suna nan sun duƙunƙune cikin riguna masu warin akwati, kai ka ce a kan dutsen ƙanƙara ake gasar. Muka fara jera rundunar. Wagner, direban jirgin ruwan nan mai bakin tsiya, ya sunkuyo ya ce, "Chemo, a firji ka ajiye su?"

Yayanka bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Daga tsauni suka sauko. Su suka kawo muku sanyin da kuke rawar ɗari."

Aka yi ta buga tebur. Gilmer ya ce a fara wasa, sai Anselmo ya ɗaga sanda ya tare shi. "Ba ka duba ba. Doka doka ce."

"Haba, Chemo..."

"Duba."

Gilmer ya ɗauki ɗaya ya kifa shi. Ƙarƙashin alkyabba shuɗi, cikin garkuwa ja, ɗamara zinariya. Ya ce, "Uku. Da farin, huɗu. Sun wuce. Amma tsaya, wa ya yi maka wannan aikin? Beto?"

"Matata."

Duk suka juyo suna kallona. Ina tsaye da murfin tukunya a hannu, fuskata ta ɗau zafi. Sai ya ƙara da cewa, a gaban kowa, "Sabon hannu ce. Idanun sun yi girma. Takalman ba ta bi su sau biyu ba. Amma ku kalli bakin garkuwar nan, a cikinku babu mai iya ja."

Beto, kai ka yaba mini na ji daɗi, abokanka sun yaba na ji daɗi. Amma da mutumin nan ya ce idanun sun yi girma, sai na ji kamar an ba ni kofin gasar. Tun da ya faɗi, in ban da shuɗin nan, bai kushe komai ba, ko gishirin miya. Komai "ya yi", komai "bar shi". Ran Asabar mijina ya dawo da bakinsa.

Yana jefa dayis da hagu, rabinsu suna faɗawa ƙasa, Wagner yana tsinto masa yana tsokana. Tef ɗin awo yana son hannu biyu, don haka ni na riƙe bakin, shi yana ja yana ce mini na karkace. An ci shi wasan farko. An ci shi na biyu. Na uku ya kama Wagner ya yi masa kaca-kaca, suka yi ta musu a kan wata doka har juane ya huce, kuma ban ji harshensa ya sarƙe ko sau ɗaya ba. Mu ne na ƙarshen fita. A hanya ya ce ran Asabar mai zuwa in rufe shago da wuri.

Ga wata takarda nan a ninke, shi ya rubuta, ya hana ni karantawa. Tun safe yake fama da ita, ya yayyaga uku.

Ka sumbaci yaran, ka ce wa Marleni ina nan tafe da labari.

Matar yayanka mai farin ciki,
Neli

*

Beto,

Gaisuwa. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

Tun ranar farko na sani. Bayan tafiyar Gilmer na je na duba su. Kashegari ɗaya babu. Kada ka gaya mata, tana jin ta iya sata.

Shawararka ta banish shirme ce. Na gode.

Ka turo buroshi mai kaurin mariƙi, hagu ba ya riƙe siriri. Ita za ta yi garkuwa, ni zan yi takalma. Ka kira ran Lahadi, ba zan miƙa mata wayar ba.

Sojan nan marar hanci yana wurinka. Na tambaye ta, kala uku ne da shi, ya cika doka. Ka dawo mini da shi, shi zai riƙe tuta. Kada ka gyara masa komai.

Yayanka,
Anselmo